Kwamfutar Yaya Sani da Inna ta wanke

Jama'a, yau na yi wa mahaifiyata ƙarya!

Kun san Yaya Sani ya kwance kwamfutarsa zai sake haɗa ta, sai ya rasu. Hotunansa duka suna ciki. Ɗazu na zo ƙauyenmu Yargoje na haɗa ta. Na ɗaura fanka, na jona wayoyi, na tada janareto, na danna maɓallin kunnawa. Shiru! Na duba sosai, ko'ina tsatsa!

Inna ta ce, "Ai da na wanke tufafinsa na haɗa da ƙarafan nan. Da sabulu na goge su tas, na shanya."

Wayyo Allah!

Ta jawo tabarmarta gaban gilashin kwamfutar, ta gyara mayafi. "Ya fito, Habu?"

Na ce, "Wutar ce ba ƙarfi, Inna."

Ta ce za ta jira.