Juyin Mulkin Inna

A kakar 1973, shekarar da gero ya bushe a tsaye, kakarmu Inna ta fito daga madafi da muciya a hannu ta tsaya a gaban kujerar mijinta. Mu jikoki muna zube a tabarma ƙarƙashin darbejiya, cikinmu na ƙugi, ana tsakiyar zaman majalisa.

Kakan nan namu, Alhaji Mamba kowa ke ce masa, shi ke da gandu mafi girma a ƙauyenmu na gabas da Ɗanbatta, kuma ya taɓa zama ɗan majalisa a Kaduna kafin soja su sallame su. An ce duk zamansa can bai taɓa furta komai ba sai "Na goyi baya." To, maganar da bai yi a Kaduna ba, mu ya dawo ya juye wa. Ko akuya za a sayar sai an zauna, shi ne shugaba, tsohuwar galma ce ƙararrawarsa, kuma ba mai buɗe baki sai ya ɗaga hannu.

Akwai babban rumbu cike da tsohon gero a bayan gida da ya liƙe da laka, wai na ranar da siyasa za ta dawo ne, da shi zai ciyar da magoya baya. Mu kuwa sai kwaɗon tafasa da rama. Mun daina gaɗa saboda ba ƙarfin tsalle, ƙanena Sule ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, abin yana ba ni tsoro ƙwarai. Babanmu ya sha kawo ƙudurin a fasa rumbun, amma Alhaji ne mai ƙidayar ƙuri'a. Yakan haɗa da ƙuri'un 'yan ƙwadagon da suka tafi cin rani a ɓangarensa, ran nan ma da jaki ya yi kuka, Alhaji ya ce ƙuri'arsa ce. Ni da na ɗaga hannu biyu don haushi, dakatar da ni aka yi.

Inna ba ta taɓa halartar zama ba sai ranar. Ta buga galmar da muciya ta ce, "Alhaji, an rushe majalisa. Kowa ya zauna inda yake." Ta dubi babanmu, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, ta ce, "Kai, ɗauko tsani." Alhaji ya miƙe yana gyara rawani: "Hajiya, wannan ya saɓa ƙa'ida!" Ta ce, "Da soja suka zo, ƙa'idar ka karanta musu?"

Kafin la'asar damman gero sun sauko, turame sun ɗauki amo, maƙwabta sun shigo da ƙorai. Alhaji ya juya kujerarsa ya fuskanci katanga, ya ce ba ya cin abincin haramtacciyar gwamnati. Aka ajiye masa akushi. Ya daɗe yana satar kallon Sule, wanda ke kai loma hannu baka hannu ƙwarya, miyar kuka har kunne. Can ya jawo akushin, ya share malmala uku, ya wanke hannu ya ce, "Na goyi baya."

Siyasar ta dawo bayan ya rasu. Yau an raba gandun fegi-fegi, rumbun ya koma ƙasa, hatsi a buhu muke saye. Nakan ji 'yan majalisa a rediyo suna zuba, sai kewar tsohon nan ta kama ni. Har yau ban ji goyon bayan da ya kai nasa daɗi ba.