Surukina Mai Duba Kaki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 13 ga Sha'aban 1446, daidai da 12 ga Fabrairu 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran surukina, Alhaji Siddiƙu Maccido na Gidan Dare, yana da shekara saba'in da huɗu. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin gwaji na asibiti yana duba kakin masu tari, har aka laƙaba masa Siddiƙu Mai Kaki, kuma da fara'a yake amsa sunan.

Baba, ban taɓa ganin wanda ke girmama abin da kowa ke ƙyama kamarka ba. Kullum kana cewa majina mai gadi ce da Allah Ya ajiye a hanyar numfashi. Ita ke damƙe ƙwayoyin cuta da yauƙinta, wasu 'yan gashi ƙanana su sharo ta sama a tofar. Amma in cuta ta yi ƙarfi, sai ta yi yawa, ta yi kauri, ta toshe hanya, mai gadi ta koma mai masaukin ɓarawo. Bayani ne mai amfani, sai dai ba ka tashi yin sa sai an kawo tuwo da miyar kuɓewa. Mutum nawa ka sa suka tsame hannu a walima, Allah kaɗai Ya sani.

Ni kuwa a neman aure na faɗa hannunka. Shekara goma sha shida da suka wuce na zo gaishe ka a zaure, ina neman 'yarka Rahmatu. Na durƙusa, kai a ƙasa, sai tarin da na yi wata biyu ina ɓoyewa ya taso. Wa zai tofa kaki gaban suruki? Na rufe ido na haɗiye abina. Ashe kunnenka na kan ƙirjina.

"Junaid, mi kah haɗe?"

Na ce ba komai.

Ka shiga gida ka fito da 'yar kwalba mai murfi. "Ba a sa rana sai ka ciko min wagga da sahe."

Wasu surukai lefe suke dubawa, nawa kaki ya nema. Washegari na kawo, ka ɗaga kwalbar a hasken rana, ka ce wannan miyau ne, ba daga ƙirji ya fito ba. Kunya da tsoro suka haɗe mini, sai na yi wautar da har yau ake tsokanata da ita a kasuwa: na roƙi abokina Auwalu, maƙwabcin rumfata, ya tofa mini nasa. Na manta Auwalu ba ya rabuwa da goro, ni kuwa ko a ɗaurin aure ba na ci. Da na kawo kwalbar, ka dubi jan da ke ciki, ka dube ni.

"Kakin ga lahiya lau yake. In mai shi na son Rahmatu, shi taho, na ba shi."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige. Kashegari da sassafe ka tasa ni gaba har bayan asibiti, ƙarƙashin darbejiya, kana bubbuga mini baya kana cewa in ja numfashi in yi tari daga can ciki, masu wucewa na kallo. Abin da ya fito, gwaji ya nuna tarin tibi ne.

Nan dariya ta ƙare. Danginka suka ce a mayar mini da kayana, wa zai ba mai tibi 'ya? Ni ma na cire rai, da auren da kaina. Kai kaɗai ka tsaya, ka ce ciwo ne mai magani, wata shida ne in an sha ba fashi. Kuma ba ka yarda da ni ba, kana da gaskiya, mutumin da ya ari kakin wani zai iya ɓoye ƙwaya a ƙasan harshe. Kowace safiya sai ga babur ɗinka a ƙofar gidanmu, ka zuba mini maganin a hannu, in haɗiye, ka ce in buɗe baki ka gani. Sai da kwalba ta ƙarshe ta fito fes sannan ka sa rana.

Yau 'ya'yanmu huɗu. Shekarun nan duka ina zuwa gaishe ka, in durƙusa, in tambayi gida, in tashi. Kunyar suruki ba ta taɓa barina na ɗaga kai na faɗa maka abin da ke raina ba, ina cewa sai wata rana. Ranar da muka kai ka makwanci na gane wata ranar ta wuce, kuma abin yana ci mini rai. Baba, ka ba ni 'yarka lokacin da kowa ke gudun tabarmar da na zauna. Na gode.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa duk numfashin da ka taimaka aka ceto ya zama nauyi a mizaninka. Ga matarka Hajiya Zaituna, da Rahmatu da 'yan'uwanta, da jama'ar Gidan Dare baki ɗaya, Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Junaid Bawa, Sakkwato.