Hotunan da Na Kankare wa Fuska

Inna ce ta kira ni daga Kano ana saura mako uku Goggo ta taso Umara. Bayan gaisuwa da tambayar karatu ta ce, "Goggonka ta ji labarin hotunan wasan nan naku duk suna hannunka. Ta ce in ta zo tana son ganin na ɗan'uwanka." Na ce to. Na ajiye waya, na ƙarasa shayina, na wanke kofin. Hotunan suna wurina kam, a cikin gwangwanin alawa a ƙarƙashin gado, a ɗakin da nake haya a unguwar Tandabawi a nan Makka. Sai dai babu ko ɗaya mai fuska a cikinsu. Ni na kankare su da reza, ɗaya bayan ɗaya.

Wanda Inna ta kira ɗan'uwana taubashina ne, ɗan farin Goggo ƙanwar mahaifina. Tun da aka yaye shi aka kawo shi gidanmu, muka tashi a tabarma ɗaya. Goggo mace ce mai kara irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kama sunansa ba. In mun je gaishe ta sai ta amsa tana kallon wani wurin, ta tambaye ni lafiyarsa alhali ga shi durƙushe a gabanta. Mu dariya abin yake ba mu. Ya rasu a hatsarin mota a hanyar Zariya tun kafin waya mai kyamara ta cika gari, kuma gidanmu ba gidan zuwa ɗaukar hoto ba ne. Abin da ya rage na kamanninsa a duniya shi ne abin da ke cikin gwangwanin nan.

Muna ajin ƙarshe na sakandare aka shiga yayin fina-finan barkwanci na 'yan makaranta a kaset. Wani mai shagon bidiyo a unguwarmu ya tara mu, ya ari kyamara, muka zama 'yan wasa. Labarin kusan guda ne kullum: ɗalibai sun tsallake katanga, sun cinye abincin malami, sun rubuta wa yarinya wasiƙa ta faɗa hannun shugaban makaranta. Taubashina shi ne mai ba da dariyar. Ni kuwa ni ake zanewa, ko a ɗaura mini zane da ɗankwali in shiga makarantar 'yan mata a kama ni. Mun yi guda bakwai, kuma a lokacin har a mota ana nuna mu. Akwai wani mai hoto da ke bin mu duk inda za a ɗauki fim. Aikinsa hotunan bangon kaset, amma in an tsaya cin abinci ko ana gardama sai ya ɗauke mu yadda muke, ya wanko, kowa ya zaɓi nasa.

Bayan rasuwar taubashina na bar harkar. Na koma karatun addini, daga baya Allah ya kawo ni Makka a matsayin ɗalibi. Na tsayar da gemu, na ɗage wando, na zama mai zafi irin na sabon tuba, wanda yake ganin kafin shi babu wanda ya san hanya. A shekarata ta biyu wani tsohon abokin wasanmu ya sa hotona a intanet, ga ɗankwali ga janbaki, ina riƙe da kwanon shinkafa. Kafin la'asar ya zaga wayoyin duk ɗaliban Najeriya da ke nan. Wani Basakkwace da muke aji ɗaya ya yi wata guda yana ce mini Hajiya. Na roƙi abokin ya cire, ya cire yana dariya. Daga ranar na ƙudurta sai na tattara duk wani hoto da aka ɗauka a wajen wasan nan kafin wani ya sake fitowa.

Haka tarin ya fara. Ɗalibai 'yan'uwana in masu Umara sun iso, kuka da daddawa da kilishi suke zuwa karɓa a masauki. Ni ambulan nake karɓa. Na bi tsofaffin abokan wasa ɗaya ɗaya, har da 'yan matan da suka yi aure, ta hannun mazajensu ko 'yan'uwansu. Wasu suka aiko ba musu, wasu sai da suka ja mini rai. Mai hoton ya tsufa, ya zazzage jakarsa ya aiko mini da abin da ya rage kashi uku. Na ce masa ya ƙone nagatif ɗin, na nanata, har sai da ya rantse mini ya ƙone.

Niyyata in sun cika in cinna musu ashana. Amma da suka fara taruwa sai na tsinci kaina ina jera su. Na ware su fim fim, na rubuta a bayan kowanne inda aka ɗauka: filin makarantar firamare, gidan kawun wane, bakin kasuwa. Na san waɗanda takardarsu ta yi ja da waɗanda ruwa ya taɓa. Na san kuma waɗanda babu. Akwai wani da aka ɗauka ranar da ruwan sama ya kore mu muka fake a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da kayan makaranta jiƙe sharkaf. Wata takwas ina bin sawunsa har na same shi a hannun wani da ya koma Kaduna. Ni ke nan fa, mutumin da ya ce ƙonewa zai yi. Ranar da ya iso na yi murna, kuma na ji haushin murnar.

A fahimtar da na ɗauka daga karatu a lokacin, hoto a kai yake, in babu kai babu hoto. Sai na ga na samu mafita: in riƙe tarina, in kuma tsira da addinina. Na sayo reza. Ana ɗan jiƙa wurin da yatsa, a kwantar da bakin rezar a ja a hankali. Launin yana tashi hawa hawa, ja ya fita, rawaya ya fita, sai farar takarda. Ran Alhamis bayan la'asar nake yi, in kunna karatu a waya. Na fara da fuskata, na bi ta 'yan matan, na bi ta sauran. Da na zo kan ta taubashina ban tsaya ba. Kamar mai tsintar shinkafa nake yi, in na gama in hure garin daga kan gwiwata in tafi masallaci.

Cikin mako ukun nan na yi abin da ake kira ihu bayan hari. Na kira mai hoton. Ya ce, "Malam, ai kai ka ce in ƙone. Har rantsuwa ka sa na yi." Na kira abokan wasa, kowa ya ce ai ya aiko mini duka, ni na nace. Shagon bidiyon ya daɗe da zama wurin sayar da kayan waya. An samo kaset guda a gidan wani, aka saka, ya taune a cikin na'ura.

Sai na ɗauki hotuna uku na kai wani shagon hoto a unguwarmu, inda ake ɗaukar hoton iƙama, wato katin zama, da na fasfo. Mai shagon Bahaushe ne haifaffen Makka, kakansa ne ya zo da ƙafa, Hausarsa rabi Larabci. Ya ɗaga hoton a fitila ya ce, "Esh hada, ya shekh? Wa ya yi wannan aiki?"

Na ce, "Ni ne."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Wallahi ma fi fa'ida, babu amfani. In ƙaramin karce ne kwamfuta tana gyarawa. Wannan babu komai a wurin, khalas. Zan iya sa maka fuska, amma ba tashi ba ce."

Na tsaya a gaban kantarsa ina tunanin maganar. Goggo ba ta san fuskar sosai ba. In aka samo wani saurayi baƙi mai fara'a aka ɗora, wataƙila ta karɓa ta yi godiya. Na daɗe a tsaye har ya fara sallamar wani. Na mayar da hotunan aljihu na fito. Ba tsoron Allah ne ya hana ni ba a wannan lokacin, ƙarya ce in na ce shi ne. Gajiya ce kawai, jikina ya mutu.

Goggo ta iso, ta yi Umararta, na tura ta a keke wajen sa'ayi saboda gwiwa. Kwana huɗu ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Rana ta biyar bayan azahar ta ce in kai ta ta ga inda nake kwana. Muka hau bene tana hutawa a kowane hawa. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo dabino da shayi. Ta duba ɗakin ta ce littattafai sun yi yawa, mata babu. Ta tambayi kuɗin tumatir a nan, ta ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Sai da shayin ya huce ta ce, tana gyara bakin mayafi, "An ce kayan wasan nan naku suna wurinka."

Na jawo gwangwanin na ajiye a gabanta. Na ce, "Goggo, akwai abin da na yi musu."

Ba ta tambayi mene ne ba. Ta buɗe, ta ɗauki na sama, ta nisanta shi da idonta, ta matso da shi. Ta ɗauki na biyu.

"Gara ce ta ci su?"

"A'a, Goggo. Ni na kankare."

"Kai?"

"An karantar da mu cewa babu kyau ajiye su da fuska."

Ta ajiye hoton. Sannan ta ce, "To. Ai ku ne malamai."

Na so ta zage ni. Goggo ta iya faɗa, mun sha shi muna yara. Ba ta yi ba. Na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, ban ji ba. Kunya na ji, ita ma kamar daga ɗakin maƙwabta take zuwa.

Ta ci gaba da ɗagawa. Ta zo kan wani da muke mu biyar a kan benci, duk da farar riga da wandon makaranta, duk da farin tabo a inda kai yake. Na buɗe baki zan nuna mata, sai ta ɗora yatsa a kan na biyu daga hagu ta ce, "Wannan ne."

Shi ne. Na ce, "Yaya aka yi kika gane?"

Ta ce, "Ƙafar. Babban yatsan nan da ya karkace, irin na ubansa. In kun zo gaisuwa ita nake kallo."

Daga nan ta juye gwangwanin a kan darduma ta fara warewa, nasa gefe guda, na sauran gefe guda. Duk inda ƙafa ta fito ba ta yi kuskure ba ko sau ɗaya, ko da silifas ko babu. Inda hoton ya tsaya a ƙugu sai ta miƙo mini, ni kuma in nuna shi ta agogo ko ta yadda yake dafa kafaɗar mutum. Mun fi awa muna yi. Aka kira la'asar, muka yi salla a ɗakin, ta koma ta zauna a gaban tarin nasa.

Ta ce, ba ni take kallo ba, "Shekara ashirin da uku yaron nan yana duniya ban cika idona da shi ba. Ina cewa bari ya girma, bari ya yi iyali, nauyin zai ragu. Ranar da aka kawo shi ma an ce in zo in gani kafin a rufe. Ɗakin cike da mutane. Na ji nauyi, na ce a rufe kawai."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ta ce, "Amin."

Ta zaɓi na kan bencin, ta naɗe shi a gefen mayafinta ta ƙulle. Sauran ta mayar cikin gwangwani da kanta ta rufe, ta turo mini. Na taimaka mata ta miƙe. Har mun kai bakin ƙofa ta tsaya tana laluben takalmi da ƙafa, ta ce, "Ɗan nan, ƙannensa suna cewa yana da wushirya. In ya yi dariya ana gani. Haka ne?"

Shekara ashirin muna kwana ɗaki ɗaya da shi. Na ga dariyarsa fiye da kowa a duniya, kuma bakin nan na bi shi da reza ya fi sau arba'in. Na tsaya na nemo fuskar a kaina. Na ga rigar, na ga agogon, na ji muryarsa sarai yana tsokanata. Inda fuskar take kuwa fari ne.

Na ce, "Haka ne, Goggo. Yana da ita."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Alhamdu lillahi," ta kama ƙarfen bene muka fara sauka.

Na san in na kira Inna yanzu za ta gaya mini ko yana da ita ko babu. Har yau ban tambaya ba.