Kwana Biyun da Suka Hana Kakana

Ran nan a kasuwar Tanut na wuce wani dattijo yana ɗinke wasaki, gugan nan na fata da ake ɗaura wa bijimin sa ya ja. Warin jiƙaƙƙiyar fata ya bugi hancina, na tsaya kamar mai ciniki. Ba saye zan yi ba. Kakana na tuna, na kuma tuna mazan garinmu, waɗanda in na ce maka ina ganin girmansu na yi ƙarya.

Kakana maginin rijiya ne, gado ya yi. A Damargu ruwa ba kusa yake ba, sa yakan yi tafiya da igiya har ya ƙanƙance a ido kafin wasaki ya leƙo. Shi ya gina rijiyar garinmu, can arewa da Gangara, ya ɗaure cikinta da itace, ya kafa gwafa huɗu a bakinta, kowace da gargare, itacen nan mai juyawa da igiya ke bi. Ɗaya ta ƴan gari, ɗaya ta Fulani, ɗaya ta Abzinawa, ta huɗun ta duk wanda ƙishirwa ta koro. Kafin rijiyar babu gari a wurin, bukkokin noma ne da ake watsewa a bar su bayan girbi. Ita ta zaunar da mutane, ta jawo kasuwa, ta sa wanda ba ya jin harshenka ya koyi gaishe ka, don ya san wata rana igiyarsa za ta tsinke.

Rijiya kuwa tana da haƙƙinta. Duk shekara in gero ya shiga rumbu, kowane gida yakan ba da namiji ɗaya na riƙon igiya, kakana ya sauka ya yashe ta, ya sake itacen da ya ruɓe. Haka na buɗe ido na tarar.

Ina ƴar shekara bakwai aka kawo mana foraji, rijiyar burtsatse ke nan, aka dasa pampo. Ni ba ni da faɗa da pampo, uwata ta huta, mu ma mun huta. Faɗana da baffana ne, ƙanen mahaifina. Ya ɗan taɓa lakwal, wato boko, a Tanut, ya dawo da biro a aljihun gaba da Faransanci wanda bai kai cikin cokali ba, sai aka ba shi shugabancin komiten ruwa. Daga ranar tafiyarsa ma ta sake.

Da kaka ta yi, kakana ya je dandali neman mazan igiya kamar kullum. Mutanen da aka yi wa wankan haihuwa da ruwan rijiyarsa suka kalli juna suna murmushi. Baffana ne ya amsa.

"Baba, zamanin shiga rami ya wuce. Ka je ka huta."

Aka yi dariya. Tsohon ya naɗe igiyarsa ya dawo gida. Shekara uku rijiyar tana zaune. Makiyaya ma suka koma layin pampo, aka jera itace a bakinta don awaki, aka mance da ita.

A bazara ta huɗu pampo ya tsaya. Mai gyara yana Damagaram, abin da ya karye kuma an ce sai an aiko da shi daga nesa. Kwana uku muna tafiya da jakuna wani gari neman ruwa, shanu suna kuka a bakin kwami babu ko ɗigo. Sai ga masu dariyar nan a ƙofar gidanmu da hantsi, sun yi layi, kowa murya ƙasa ƙasa. Ko kunya ba su ji ba.

Kakana bai ja musu rai ba. Ya je ya sa aka ɗebe itacen, ya kunna fitila, ya ɗaura ta a siririyar igiya ya zura. Ina tsaye da tuluna ina kallo. Ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya jawo, ya sake kunnawa, ta sake mutuwa a daidai wurin.

"Iskar ciki ta lalace," in ji shi. "Rijiyar da ba a ja ba ta numfashi. A yi ta zura wasaki wofi ana jawowa, kwana biyu, sannan mutum ya shiga."

Kwana biyu kawai ya nema. Amma baffana yana ganin idon gari a kansa, tunda pamponsa ne ya mutu. Ya ce girgizar igiya ce ta kashe fitilar. Wani ya ce tsohon ramuwa yake yi, so yake a roƙe shi. Maganar ta zaga, manya masu gemu suka yi ta gyaɗa kai, alhali babu wanda ya taɓa sauka ko gaba ɗaya a cikinsu. Da aka ce wa zai shiga, duk suka dubi ƙasa. Sannan suka dubi mahaifina, wai ai shi ne babban ɗan magini.

Mahaifina mutum ne da ba ya iya cewa a'a a gaban jama'a. Ya tuɓe riga, ya fara ɗaura igiya a ƙugu. Kakana ya matso, ya kwance ƙullin da hannunsa, ya mai da shi nasa ƙugun. Lokacin ya tsufa, ƙafafunsa duk jijiya.

"Zan yi ta salati ina sauka," ya ce wa masu riƙo. "In kun ji na yi shiru, ku ja. Kada ku tambayi kowa."

Muka ji muryarsa tana nisa, tana nisa, sai ta ɗauke. Ka san abin da suka yi? Gardama suka tsaya yi. Wannan ya ce zurfi ne ya hana a ji, wancan ya ce a ƙara saurarawa. Baffana ya ɗaga hannu ya ce a dakata, ya isa ƙasa ne yana duba wuri. Wani Bafillace da ya zo shayar da shanu, wanda ko sunan kakana bai sani ba, shi ya ture su ya kama igiyar tare da mahaifina suka fara ja.

Ya fito da rai, amma ba duka ya fito ba. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya saki, ya daina gane mu. Ni yakan kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun yana saurayi. Bai ga ruwan farko na damina ba.

Washegarin abin, mazan gari suka ɗaura wasaki wofi suka yi ta zurawa suna jawowa. Kwana biyu cif. Aka zura fitila, ta isa ƙasa tana ci. Mahaifina ya sauka, ya yashe, ya fito lafiya, gari ya sha ruwa. A wurin ta'aziyya kuwa kalma ɗaya ce a bakinsu: ƙaddara. Na yarda da ƙaddara. Amma na ga hannun da aka ɗaga aka ce a dakata.

Yanzu garin yana da pampo mai aiki da hasken rana, rijiyar an rufe ta da siminti. Yaran yau ba su san yadda ake ƙulla igiya a ƙugu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Baffana ya tsufa, ya yi furfura mai kyau, shi ake kai wa baƙi in suna son tarihin gari. Yakan gyara zama ya ce mu zuriyar magina rijiya ne, mahaifinmu ransa ya bayar don jama'a. Har hawaye yake yi, baƙin su rubuta.

In na je gida nakan shiga in gaishe shi, don uwata ta hore ni. In durƙusa, in tambayi lafiyar jiki, ya sa a kawo mini ruwa a kwano mai sanyi. Nakan karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in ajiye a gefen tabarma. Shekara talatin ke nan, bai taɓa tambayata me ya sa ba na sha ba.