Da Aka Kai Kaka Garin Ruwan Zafi

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta ɗumama man zaitun da kanumfari za ta shafa wa mahaifiyarta a ƙafa. Ƙamshin ya biyo ta taga ya same ni ina yanka albasa, sai na ajiye wuƙar. Na fi shekara ashirin ban haɗa wannan man ba, amma hannuna bai manta ba: cokali uku na mai, kanumfari bakwai, a ɗora a wuta kaɗan, a sauke kafin ya yi ƙauri. Haka nake yi wa kakata kullum bayan la'asar a gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka, tun ina 'yar shekara takwas.

In ba ka san unguwar a wancan lokaci ba, gidaje ne a jikin dutse, wani a kan kafaɗar wani, da lunguna da mota ba ta shiga. Kaka tana ɗakin ƙasa, don gwiwoyinta sun daina yarda da matakala. Mu muna sama, ni da iyayena da ƙannena. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya daɗe da komawa Aziziyya, inda yake aiki a ofishin motocin alhazai. Ranar Juma'a yakan zo da iyalinsa a ci shinkafa tare.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da gidan nan, in ba haka ba labarin ba zai shige ka ba. Kaka tana da takardar zama 'yar ƙasa, ta samu ta hannun marigayi kakanmu. Kawu yana da ita, mahaifiyata ma haka. Mahaifina kuwa aikin hajji ya zo yana saurayi bai koma ba, yana tura keken tsofaffi a Harami, daga Safa zuwa Marwa, kunnensa kullum a buɗe ko za a ce ga masu duba takardu. Ɗa kuma takardar ubansa yake bi. Ni da 'yar kawuna wata huɗu ne tsakaninmu, kwano ɗaya muke sa hannu, amma ita tana da jawaz, wato fasfo, ni kuwa ko a takarda guda babu sunana.

Kaka da ƙafa ta zo Makka tana yarinya, daga ƙasar Kano, cikin ayarin iyayenta. Iyakar abin da muka sani ke nan. In ka tambaye ta yadda hanyar take, sai ta ce, "Hanya ce, an bi ta, an iso." Na sha gwada ta ina tsakiyar matsa mata gwiwa, lokacin da jikinta ya saki, idonta a lumshe. Sai ta yi murmushi ta ce in ƙara mai a ta hagu.

A bazarar da na cika sha ɗaya Kawu ya zo da maganar. Wani abokin aikinsa ya kai mahaifinsa ƙasar Cek, can Turai, wani tsohon gari da ruwan zafi yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wai tun zamanin sarakunansu masu ciwon gaɓɓai suke zuwa wurin. Tsohon ya tafi a keken marasa lafiya, ya dawo yana salla a tsaye. Kaka ba mai son yawo ba ce, amma shekararta biyar tana salla a kan kujera, kuma ba abin da take roƙo kamar ta sake sa goshinta a ƙasa. Ta ce, "In za a yi sujada, a je."

Kwana takwas za a yi. Sai dai ana bukatar mace da za ta riƙa shiga da ita ɓangaren mata. Mahaifiyata tana da tsohon ciki, matar Kawu tana fama da tagwaye. Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon man a hannuna, duk gidan kuwa an san hannun wa Kaka take yarda da shi. Na ce, "Ni zan je."

Kawu ya dube ni. Ba da mugunta ya faɗa ba, har yau ina shaidarsa. Ya ce, "Ke da wane jawaz, 'yata?"

Mahaifina yana zaune a gefen tabarma. Ya sunkuyar da kai yana kallon tafin ƙafarsa, kamar ya ga ƙaya. Aka ci gaba da zancen jirgi.

Aka ce 'yar kawuna ce za ta je. Yarinyar da ba ta taɓa wanke wa Kaka ko kofi ba. Larabci ne a bakinta, Hausarta guntu-guntu, ko "Kaka" ba ta cewa sai "Sitti". Kaka ta sa ni in koya mata haɗin man, na koya mata. Amma ban gaya mata cewa gwiwar hagu daga ƙasa ake murzo ta zuwa sama ba, kuma ba a danna bayanta. Na riƙe wannan a cikina da gangan. Ina so Kaka ta ji bambanci, ta yi kewata a can har ta rasa barci.

Kwanakin nan takwas su ne mafi tsawo a yarintata. Zafin Makka ya kai inda in ka taɓa ƙarfen ƙofa sai ka yarfe hannu. Motar ruwa ta yi kwana uku ba ta hawo unguwarmu ba, muna saukowa da jarkoki. Da ta zo aka cika tankin rufi, kafin azahar ruwan ya zama kamar na shayi. Mahaifina ya tara hannu a famfo ya janye, ya yi dariya ya ce, "Ga ruwan zafi a gida kyauta, an tafi nemansa Turai." Kowa ya yi dariya ban da ni. Bayan la'asar nakan shiga ɗakin Kaka in zauna a kan gadonta, na'urar sanyi tana ta kakari a bango, ina ƙirga abin da waccan take gani wanda ni ban gani ba. Har addu'a na yi Allah ya sa a yi ta ruwan sama a can, su kasa fita.

An kuwa yi ruwan, ashe shi ne ma daɗin tafiyar.

Ranar da suka dawo gidan ya cika. 'Yar kawuna ta zauna a tsakiya kamar amarya tana zuba labari, rabi Larabci rabi Hausa. Wai kogi ne ya ratsa tsakiyar garin, da safe tururi yana tashi a kansa. Wai gidajen launin alewa, wani ruwan ƙwai, wani ruwan hoda, tsaunuka a bayansu kore shar. Wai akwai doguwar rumfa mai ginshiƙan dutse, tsofaffi suna kai da komo a cikinta a hankali, kowa da ɗan kofinsa mai baki irin na buta, ana tarar ruwan daga famfo ana kurɓa. Ta ce ɗanɗanonsa kamar ka lashi tsohon ƙarfe. Ta raba wani biskit mai faɗi kamar faifai, sirara, yana narkewa a harshe. Na karɓi nawa na ba ƙanena.

Sai aka fito da hotuna. A ɗaya daga ciki Kaka ce a kan wata gada, cikin babbar rigar sanyi a kan abayarta, babu sanda a hannunta, bakinta buɗe tana dariya har ana ganin giɓinta. Ni da nake wanke mata ƙafa shekara uku ban taɓa ganin wannan dariyar ba, ban kuma taɓa ganinta tsaye ba sanda ba. A gefenta, riƙe da gefen mayafinta, waccan ce.

Kaka ta kawo mini irin kofin nan mai baki, fari da zanen furanni shuɗi. Na ce na gode, na kai shi sama na tura ƙarƙashin gado.

Da la'asar ta yi na ji muryarta daga ƙasa tana kirana. Na yi kamar ban ji ba. Ta sake kira. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Ba ki ji Kaka ba ne?" Na ce, "A kira wadda ta je." Na sha mari, amma ban sauka ba. Washegari ma ta kira, da jibi. A rana ta huɗu ba ta kira ba.

Sati uku na yi ina wannan gaba. A cikinsu ne Kaka ta yi sujadarta. Na gani ta tsagar ƙofa, ta sauka a hankali tana dafa gado, ta sa goshinta a darduma, ta daɗe ba ta ɗago ba, kafaɗunta suna rawa. Na so in shiga. Sai na tuna ba hannuna ne ya kai ta ƙasan ba, ruwan wasu ne, na juya na haye sama.

Wata Juma'a muna wanke kwanuka da 'yar kawuna a tsakar gida, ba na ko kallonta, sai ta ce, kamar mai zancen farashin tumatir, "Kin san Sitti ta yi kuka a can?"

Na tsaya da soso a hannu.

Ta ce a rana ta shida ne. Ruwan sama ya ɗauke, sun zauna a kan benci a bakin kogi, Kawu ya tafi sayo abinci. Kaka ta shaƙi iska ta ce ƙasar tana ƙamshin damina. Daga nan ta fara magana, ba ta tsaya ba har Kawu ya dawo ya samu wuri nesa ya zauna ya ƙyale su. Labarin hanya ta bayar, tun daga ranar da suka bar gida. Akwai jakuna a ciki, da tsinkar auduga a Sudan, da jirgin ruwa. Akwai kuma wani ƙanenta, ƙaramin yaro, da ya kamu da ciwo a wani gari, aka bar shi hannun wata mata, aka ce za a ɗauke shi a hanyar komawa. Ba a koma ba.

Na ce, "Kaka tana da ƙane? Yaya sunansa?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Wallahi na manta. Hausarta ta yi nauyi, ban gane duka ba."

"Wane gari ne?"

"Ta faɗa. Ban riƙe ba."

Ban san lokacin da na watsa mata ruwan kwanukan ba. Na bar ta tana ihu na shiga kicin, na haɗa man, na sauka ɗakin Kaka. Ta miƙo ƙafar kamar jiya na bari. Gwiwar hagu ta kumbura ta baya, inda aka yi ta dannawa. Na san laifin wa ne. Na murza a hankali har jikinta ya saki, sannan na ce, "Kaka, ki ba ni labarin ƙanenki."

Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona.

"Ke na so a gefena ranar nan," in ji ta. "Na waiwaya, ita na gani, maganar kuma ta riga ta taso, ba ta jira. Da na dawo da saura a bakina. Kwana uku ina kiranki."

Na ce, "Ga ni yanzu."

Ta girgiza kai. "Ya koma inda yake, 'yar nan. Ba ni nake buɗe shi ba."

Kafin hajjin shekarar ciwon ya dawo, ta koma kan kujerarta. Na ci gaba da yi mata matsa har shekara biyu, ban sake fashi ba ko na yini ɗaya. Na tambaye ta da lallashi, na tambaye ta da kuka, har na taɓa yayyafa ruwa a ƙasar tsakar gida don ta ji ƙamshi. Ta yi dariya ta ce ƙasar Makka ba ta iya wannan ba. Mahaifiyata da Kawu ba su taɓa jin zancen yaron ba sai a bakin 'yar kawuna. Haka Kaka ta rasu da shi.

Yanzu abubuwa sun canza. An gyara mana takardu, ina da iƙama, wato izinin zama, ina da fasfon ƙasar mahaifina, ƙasar da ban taɓa takawa ba. Gidan Hindawiyya an rushe shi, mun watsu a unguwanni. 'Yar kawuna tana fama da ciwon baya, ta je garin ruwan zafin har sau biyu, tana turo mini hotuna a waya: ga rumfar, ga gadar, ga bencin, in ji ta, ko wani mai kama da shi. Ta ce in shirya mu je tare. Muna zumunci sosai, ita ta kwana da ni a asibiti a haihuwata ta fari. Amma ba zan ɓoye maka ba, duk hoton da ta turo sai na ji abin nan ya motsa a ƙirjina, sabo fil, kamar ina 'yar sha ɗaya.

Duk haɗuwarmu sai na tambaye ta ko ta tuno wani abu. Yawanci babu. A ƙaramar sallar da ta wuce muna zaune a falonta tana ɓare lemo, sai ta ce, "Af, na tuna. Yaron ba ya barci sai ya riƙe kunnen Sitti. Ta ce ranar da za su tafi, sai da ta jira ya yi barci, ta zare kunnenta a hankali."

Ta miƙo mini ɓarin lemon, ta ci gaba da zancen labule.

Da na koma gida na tara 'ya'yana mata biyu, na zaunar da su, na ba su wannan guntun da Hausa, kalma bayan kalma, yadda nake jin Kaka ta faɗe shi. Suka saurara da ladabi. Da na gama babbar ta dubi ƙaramar, sannan ta ce, "Mama, ki maimaita da Larabci."

Na maimaita.