Malam Shittu Jumare, Maƙerin Agogon Sultana

Kafin shagunan titin Sultana a Madina su ɗaga ƙofofinsu, Malam Shittu Jumare ya riga ya shiga ta ƙofar baya, ya wanke hannu, ya goge teburinsa da farin ƙyalle. Sai ya maƙala gilashin ƙara girma a idon dama, ya ɗauki hantsaki, ya yi bisimilla. Masu shiga shagon agogunan ba sa ganinsa. Fitilu suke gani, da akwatunan gilashi, da Haisam ɗan mai shagon yana yi musu ahlan wa sahlan. Shi kuwa Malam Shittu yana can ɗakin ciki, inda ya haura shekara talatin. A iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, "ma'aikaci" kawai aka rubuta.

Bazazzagi ne. A kasuwar Sabon Gari ya koyi gyaran agogo, ya zo Madina da ƙuruciyarsa. Da farko canjin batir da ɗauri ne aikinsa, har ranar da wani dattijo alhaji ya kawo agogon hannu wanda ake murɗawa, ya tsaya cak. Sunan da ke fuskarsa babu wanda ya taɓa ji a shagon. Malam Shittu ya buɗe bayansa. Kowane ƙarfe an goge shi da hannu yana sheƙi, har lungun da ido ba zai taɓa kaiwa ba.

"Wane bawan Allah ne ya zauna ya yi wannan?" in ji shi.

Tambayar ta hana shi sakat. Duk dillalin da ya kawo kaya sai ya tare shi da ita. An daɗe kafin wani ya gaya masa cewa wani tsoho ne a wani ƙauyen Turai, shi da almajiransa biyu, agogunan da suke gamawa a shekara ba su kai yawan yatsun hannu ba. Daga nan ya shiga neman labarin ire-irensa, ya tarar suna nan birjik, kowa a lungunsa. To me ya sa ba a san su ba? Amsar da ya tattara a shekaru ita ce yake ba duk wanda ya zauna shan shayi da shi.

"Manyan kamfanoni su ne a allunan filin jirgi, su ne a hannun 'yan ƙwallo. Waɗannan kuwa lokacin da za su yi talla suna kan teburi. Sannan mai saye, ya akhi, so yake in ya miƙa hannu a majalisa a gane abin da ya ɗaura tun daga bakin ƙofa. Wa zai tsaya yana bayani?"

Sai kuma wata tambaya ta taso masa: shin shi zai iya? Ya samo tsohon injin gurza ƙarfe ya kai gidansa na haya a unguwar Aƙiƙ. Maiɗakinsa Tasallah har yau tana ba da labarin yadda take tsintar ƙananan sukurori a cikin kafet. Sifirin da 'yan duwatsun ciki odarsu yake yi, bai taɓa ɓoyewa ba, saura kuwa shi yake yankawa. Agogonsa na farko gudu yake kamar ana korarsa. Na biyu ya ƙi tashi sam. Bai fasa ba.

Ɗaliban Najeriya da ke karatu a jami'a sun shaida abin da ya yi wa malaminsu na tajwidi, Ustaz Abdurra'uf, wanda ba ya gani. Agogo mai magana Ustaz yake ɗaurawa, da ya danna sai muryar ta katse wa ɗalibi aya. Malam Shittu ya ƙera masa mai murfi, da 'yan ƙusoshi a madadin lambobi, a karanta shi da yatsa. Ranar gwaji Ustaz na taɓawa hannun agogon ya lanƙwashe.

"Malam, na ɓata maka aiki," in ji Ustaz, ransa a ɓace.

"A'a Ustaz, ni ne na yi shi da ido. Bari in sake shi da yatsa."

Ya rufe idanunsa ya dinga lalube, har ya gane kaurin da ya dace. Yanzu Ustaz yakan zura yatsa a hankali ana tsakiyar karatu, babu wanda ya ji ƙyas.

Da Haisam ya ga wani agogon da ya gama, mai fuska ruwan dabino, sai ya zo da shawara. "Ya ammi, mu sa masa suna irin na Turawa, wallahi ba zai kwana ba."

Malam Shittu ya san mahaifin Haisam ne kafilinsa, zamansa a ƙasar a hannunsu yake. Duk da haka ya ce, "Ɗana, a Madina aka yi shi. In ba za a rubuta haka ba, a bar fuskar fayau."

Haisam ya yi kwanaki ba ya leƙa ɗakin ciki. Daga baya ya sauko, ya sa agogon a taga da "Madina" a rubuce ƙasa-ƙasa. Gaskiyar Haisam a kan kasuwa ta fito, don watanni suka shuɗe mutane na wuce shi zuwa sunayen da suka sani. Wata likita ce a ƙarshe ta tsaya, ta kara shi a kunne, ta ce a kira mata wanda ya yi shi. Ranar ce Malam Shittu ya fara tsayawa gaban mai saye, yana ta murza hularsa don kunya.

Kai ne, Malam, ka ƙi aron sunan wani alhali abincinka na iya tafiya a kai. Kai ne gwanin da bai gaji da tambaya ba. Yanzu hannu ya fara rawa, hantsaki na zamewa, ka ce bayan aikin Hajjin bana za ka koma gida. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka lafiya. Masu sana'a a cikinmu, matasa musamman, ga abin koyi: ku so sanin aikinku har ƙarshensa, ko an tafa muku ko ba a tafa ba.

An tambaye shi ko hutu zai je yi a Zariya. Sai ya yi dariya ya ce ƙaninsa ya faɗa masa a waya cewa tsohon agogon bangon masallacin unguwarsu ya tsaya tun bara, an rasa mai tada shi.

"Manyan ƙarafa gare shi, hannuna zai iya," in ji shi. "So nake in buɗe in ga me ke damunsa."