Jan Layin Sista Ngozi

Ban taɓa mantawa, kuma ba na jin zan manta, da wata Talata cikin damina da aka kira ni wata ƙaramar cibiyar lafiya a yankin Kusada. Lokacin ina jami'in bayanai mataki na bakwai, ina zaune Kankia. Aikina shi ne in tabbatar rahoton wata-wata ya fita daga cibiyoyin da ke hannuna, in kuma kwamfuta ta yi gardama in lallashe ta. Ku da kuka zo bayanmu, ku saurara, don ba labarin bajinta zan ba ku ba.

Shugaban cibiyar, Malam Lawal, ya tare ni a bakin ƙofa yana gumi. Ya ce, "Malam Sada, ka taimake ni. Gobe ake rufe karɓar rahoto, ga jadawalin masu awon ciki ya ƙi buɗewa. Sai wani rubutu yake fitowa wai memori bai isa ba."

Ga wanda bai sani ba, kwamfuta tana da rumbu inda take ajiya, tana kuma da memori, wato tabarmar da take baza aiki a kai. Wannan tsohuwar kwamfutar tebur tabarmarta ƙarama ce, jadawalin kuwa shekara huɗu ana zuba masa sunaye ba a taɓa raba shi ba.

Na bi ƙa'ida kamar yadda aka koya mana. Na rufe duk wasu manhajoji, na kashe na kunna. Da ƙyar fayil ɗin ya buɗe, yana tafiya yana tsayawa. Na share dubban layukan da babu kome cikinsu, ya ɗan sake. Sai na lura da launuka: can ruwan ɗorawa, can shuɗi, nan da can kuma layi ja tun daga farko har ƙarshensa. Na yi tsaki na ce, "Wa yake wannan kwalliya? Jadawali ne ko zanen gado?" Malam Lawal ya ce aikin Sista Ngozi ne, ungozomarsu, ta tafi kudu jana'izar mahaifiyarta. Na ce ai kwalliya nauyi take ƙarawa. Ya ce, "Kai ne gwani, yi yadda ka gani."

Na zaɓi jadawalin gaba ɗaya na goge launukan, ya koma fari fat. Ƙa'ida ta ce ka kwafi fayil kafin ka taɓa shi. Na sani sarai. Amma hadari ya haɗo, ina son in koma Kankia kafin ruwa, sai na adana a kan na asali. Kwamfuta ta shiga gudu, rahoto ya fita, Malam Lawal har da saya mini lemo. Na hau babur ina jin babu kamata.

Bayan kwana goma waya ta shigo. Sista Ngozi ce. Matar nan ta fi shekara ashirin a Kusada, Katsinanci a bakinta kamar can aka yanke mata cibi. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ni ma ban samu na yi mata ta'aziyya ba. Ta ce, "Malam Sada, mi ka yi wa jan layina?"

Ashe ba kwalliya ba ce. Jadawalin daga sama ake turo shi, an hana ƙara masa ko gurbi ɗaya, kuma babu inda za a rubuta cewa mace tana cikin haɗari. Shi ne ta yi dabara. Duk mai cikin da ta samu da hawan jini sai ta shafa wa layinta ja, in ciki ya shiga wata takwas ta aika ɗan acaɓa ya ɗauko ta, a sa mata ido kafin jijjigar masu ciki ta kama ta.

Washegari na koma. Babu wata hanyar dawo da launin, na gwada duk abin da na sani. Muka baza manyan rajistocin takarda, tana karanta awon jini ina shafa ja. Wuni biyu muka yi. Da muka gama ta daɗe tana kallon allon, ta ce, "Zuciyata tana gaya mini akwai saura, amma na kasa tuno ko wace ce." Na ce mata gajiya ce da zafin rashi. Wallahi ni na faɗi haka, don ina son maganar ta mutu.

Akwai saura kuwa. Sunanta Hajara, daga ƙauyen Boko. A ƙauye Sista ta auna ta ranar da suka fita zagaye, ta rubuta a katin da ke hannun matar, da ta dawo ta shafa ja. Awon bai taɓa shiga rajistar cibiya ba.

Ina cibiyar ranar da mijinta ya zo, bayan sati uku, na je karɓar rahoton wata na gaba. Manomi ne, dogo, da laka a ƙafarsa. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ciro katin daga aljihu ya ajiye a tebur. Ya ce jijjiga ta kama ta da hantsi, kafin su kai bakin titi rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta. Babu faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Sista, kin ce in ban ga ɗan acaɓa ba kada in wahalshe ta bisa hanya, ke za ki aiko. Mun yi ta jira. To, kwana ne ya ƙare. Na ce bari in maido maku katinku."

Sista ta kifa kai a tebur tana kuka. Ni kuwa ina zaune gaban kwamfutar, ga sunan Hajara a layinsa, fari tas kamar na kowa. Na so in ce masa ni ne, bakina ya ƙi buɗewa, har ya yi mana sallama ya fita.

Na san rai na Allah ne, kuma ba ni da tabbacin da an ɗauko ta za ta rayu. Amma wannan bai taɓa sanyaya mini zuciya ba. Abin da na koya shi ne, mutanen da ke ƙasa suna toshe ɓarakar da na sama suka bari da 'yan dabarunsu, kuma ba sa rubuta wa kowa bayani. In kun ga abin da ba ku gane ba cikin fayil, ku nemi mai shi ku tambaya, ko da rahoto zai makara. Ku kwafa kafin ku taɓa, ko ruwan ƙanƙara za a yi.

An ce mini kwamfutar nan har yau tana aiki lafiya, ba ta sake kukan memori ba. Duk wanda ya zo sai Malam Lawal ya nuna masa ita ya ce, "Gyaran Malam Sada ne."